Awon bugun zuciya a wani kilinik na Maraɗi: abin da muka biya da abin da muka samu

A watan Afrilun da ya gabata, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40 tun kafin azahar, mahaifiyata ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida tana cikin alwalar la'asar. Ba ta daɗe a sume ba, domin kafin maiɗakina ta kawo ruwa ta riga ta buɗe ido, tana cewa faɗuwar gaba ce irin wadda ta saba ji. Maƙwabta suka shigo, wannan ta ce iska ce, waccan ta ce rana ce ta buge ta. Ni kuwa, da yake shekara 14 ke nan ina koyar da ilimin halittu a lise, na riƙe wuyan hannunta ina ƙirgawa, sai na ji bugun yana tafiya yana tuntuɓe: ya yi uku ko huɗu daidai, ya ɗan yi shiru, sannan ya dawo da ƙarfi. Wannan tuntuɓen ne ya kai mu wani kilinik mai zaman kansa a cikin gari, inda ake awon zuciya da na'urar ECG da kuma wadda ake rataya wa mutum ya kwana da ita. Na ɓoye sunan wurin domin zan faɗi aibinsa tare da alherinsa, kuma abin da zan faɗa ma'auni ne da mai karatu zai iya auna kowane wuri da shi.

Hukuncina tun farko shi ne kuɗinmu bai faɗi ƙasa banza ba, kuma dalilin ya bayyana ne tun kafin a jona wa Hajiya waya ko ɗaya. Manjo, wato babban ma'aikacin jinyar da ya karɓe mu, bayan ya auna tansiyo, wato awon hawan jini, ya samu 16/10, ya dube ni ya ce, "Malam, koma gida ka kwaso mana duk maganin da Hajiya ta sha cikin mako biyun nan, har da kwalin da ya ƙare, har da na gargajiya." Na so in yi gardama saboda ina ganin lokaci na tafiya, amma na hau kabu-kabu na je na dawo da baƙar leda. Da aka zazzage ta a kan tebur sai ga furosemid, maganin fitsarin da aka rubuta mata shekara biyu da suka wuce saboda kumburin ƙafa, wanda muke ta sabuntawa a farmasi ba tare da an sake auna jininta ba. Sai ga kinin da siprofuloksasin, waɗanda wani jikanta ya sayo wajen mai tallar magani a bakin kasuwa, saboda ta kwana huɗu tana fama da zawo da zazzaɓi kuma ta hana a gaya mini. Likitan ya jera kwalayen nan uku, ya ɗan yi shiru, sannan ya sa a ɗibi jini a kai labo kafin ma a yi ECG ɗin.

Awon ECG bai kai minti goma ba. An manna mata wayoyi goma, huɗu a hannuwa da ƙafafu, shida a ƙirji, na'urar ta fitar da takarda mai ƙananan gidaje ruwan hoda. Abin da ya burge ni shi ne likitan bai tsaya ga lambobin da na'urar ta buga a saman takardar ba, ya ɗauko ƴar rula ya auna da hannunsa tazarar da ake kira QT, ya yi lissafinsa daidai da saurin bugun, ya samu milisakan 520, alhali ga mace ana son kada ta wuce kimanin 460, kuma daga 500 zuwa sama ana ɗaukarta da haɗari. Bayan awa guda sakamakon labo ya fito: potasiyam ɗin jininta 2.8, inda daidai yake tsakanin 3.5 da 5.0.

Ya kamata in tsaya a nan in warware abin da waɗannan lambobi biyu ke nufi, domin duk darajar aikin da aka yi mana tana cikin haɗa su da ledar maganin nan. Zuciya tana bugawa kusan sau dubu ɗari a yini, kuma mai ba da kiɗan wani ɗan curin nama ne a ɗakin sama na dama, wanda Arthur Keith da Martin Flack suka gano a Ingila a 1907. Shi ne sarkin makaɗa, shi ke sakin ƴar wutar lantarkin da ke bin naman zuciya sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa. Ita wutar kuwa gishiri ne ke haifar da ita. Kowace ƙwayar naman zuciya tana tara potasiyam a cikinta tana korar sodiyam waje, ta hanyar wani famfo da ke jikin fatarta mai fitar da sodiyam uku ya shigo da potasiyam biyu a kowane juyi. Jens Skou, ɗan ƙasar Danmak, shi ya gano wannan famfo a 1957, ya kuma samu kyautar Nobel a kansa a 1997. Saboda wannan rabon gishirin, cikin ƙwayar yana zama ƙasa da wajenta da kimanin milivolt 90. Idan kiɗa ya iso, ƙofofin sodiyam su buɗe na ɗan ƙiftawar ido sodiyam ya kwararo ciki, ƙofofin kalsiyam su biyo baya, kalsiyam ɗin da ya shiga ya buɗe rumbun kalsiyam na cikin ƙwayar, naman ya tsuke ya tura jini. Daga nan sai ƙofofin potasiyam su buɗe, potasiyam ya fita, ƙwayar ta koma yadda take ta jira kiɗa na gaba. Wanda ya taɓa ganin yadda ake buɗe ƙofar ruwa a rufe a gonakin rani na Jiratawa, kowace a lokacinta, ya san abin da ke faruwa idan ƙofa ɗaya ta makara: fage ɗaya ya cika ya tumbatsa, na kusa da shi ya bushe.

Tazarar QT ita ce tsawon lokacin da ɗakunan ƙasa na zuciya ke ɗauka daga kamawar wutar zuwa komawarsu hutu, don haka idan ta yi tsawo to sau da yawa ƙofofin potasiyam ne suka makara. Ɗaya daga cikinsu, wadda ake kira hERG, tana da faffaɗan baki ta ciki wanda magunguna da yawa ke shiga su toshe, kuma kinin da siprofuloksasin suna cikin masu yi mata haka, tare da kulorokin da eritromisin da azitromisin da domferidon da haloferidol. Abin mamaki, ƙarancin potasiyam a jini yana ƙara raunana wannan ƙofar, yana kuma sa maganin ya fi kama ta. Furosemid yana zubar da potasiyam da magneziyam ta fitsari, zawo yana zubar da su ta hanji, ga mace ga tsufa, waɗanda dukkansu ke ƙara haɗarin. Idan komawa hutu ya ja lokaci haka, ƙofofin kalsiyam sukan sake buɗewa ba da izinin sarkin makaɗa ba, su haifar da bugun da ba lokacinsa ba, kuma irin wannan bugun ne kan kunna wani rikici mai sauri da likitan Faransa François Dessertenne ya bayyana a 1966, wanda zanensa a takarda ke murɗewa kamar igiya. Yakan tsaya da kansa cikin daƙiƙoƙi mutum ya farfaɗo, yakan kuma zarce ya kashe. Likitan ya ce alamu sun fi nuna shi ne ya kayar da Hajiya a wajen alwala, kuma tun da ya faɗi haka ban ƙara ganin mai tallar magani da idon da nake ganinsa da ba.

An kwantar da ita dare biyu. An tsayar da magungunan nan uku, an ɗaura mata ruwa mai potasiyam da magneziyam yana ɗiga a hankali, kuma na ga ma'aikaciyar dare tana zuwa tana duba ɗigon da agogo a hannu, abin da ya dace ƙwarai domin potasiyam idan aka tura shi cikin jijiya da sauri shi kansa yana tsayar da zuciya. Sai dai a nan ne na ga gibi na farko. Na'urar da ke nuna bugun zuciya a allo guda ɗaya ce a duk wurin, kuma a dare na biyu aka cire ta aka kai wa wani majinyaci da ya fi tsanani. A daren farko kuma wuta ta ɗauke, janareta bai tashi ba sai bayan kusan minti ashirin, ina zaune cikin duhu riƙe da wuyan hannun mahaifiyata ina ƙirgawa. Wurin da ke karɓar masu irin wannan ciwo bai kamata ya rasa batirin da zai riƙe allo ɗaya ba.

Wata goggona da ta zo dubiya ta ji ana maganar potasiyam, sai ta ce ai ga kanwa a gida, tunda da Faransanci ma "potasse" ake ce mata. Na ji daɗin yadda likitan ya tsaya ya amsa mata da ladabi. Ya ce, "Hajiya, sunan ne ya yi kama, amma kanwa gishirin sodiyam ne ya fi yawa a cikinta, kuma ga mai hawan jini ƙari take yi." Wannan gaskiya ce da ya kamata a riƙa faɗa a gidajenmu, musamman da yake tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa.

Bayan mako guda muka koma don awon kwana guda, wanda ake yi da na'urar da ke ɗauke da sunan Norman Holter, Ba'amurken da ya ƙirƙiro ta. Girmanta bai wuce ƙaramar wayar hannu ba, ana rataya ta a wuya, wayoyinta manne a ƙirji, tana naɗar kowane bugu na awa 24. Amfaninta a fili yake, domin ECG na ɗakin likita daƙiƙa goma kawai yake gani, rikicin zuciya kuwa ba ya jiran sai an zo gaban likita. Amma hidimar tana da kurakurai da ba su da wuyar gyarawa. Namiji ne kaɗai ya iya manna wayoyin, sai da Hajiya ta ƙi, muka jira fiye da awa guda aka samo mace, yana ba ta umarni daga bayan labule. Mannin da suke amfani da shi ba ya jure gumin Maraɗi, kafin magariba biyu sun ɓalle, sai da maiɗakina ta sayo filasta ta ƙara ɗaure su. An ce kada ta yi wanka, amma ba wanda ya yi mata bayanin alwala, alhali alwala ba ta taɓa ƙirji, ta kuwa kwana cikin damuwa har sai da na kira na tambaya. Takardar da ake rubuta lokacin da aka ji faɗuwar gaba da Faransanci take, don haka ɗiyata ce ta zauna kusa da kakarta tana rubutawa. Sannan sakamakon ya ɗauki kwana biyar, saboda ta intanet ake aika shi ga likitan zuciya a Yamai ya karanta.

Duk da haka, abin da ya fito ya biya jiran. QT ɗin ta dawo 440, wanda ya tabbatar da cewa gishiri da magani ne suka ja ta. Amma tsakanin ƙarfe biyu da ƙarfe uku na dare, tana barci ba ta ji komai ba, na'urar ta kama kusan minti arba'in na wani rikicin dabam, wanda ɗakunan sama na zuciya ke karkarwa maimakon bugawa. Wannan shi ne rikicin bugun zuciya mai ɗorewa da ya fi yawa a duniya, kuma asalinsa ga irin su Hajiya hawan jini ne na shekaru: ɗakin sama na hagu yana buɗewa, tabo yana shiga tsakanin ƙwayoyin naman, ƴan mashigan da wuta ke bi daga ƙwaya zuwa ƙwaya suna lalacewa, sai wutar ta riƙa kewaya tana komawa inda ta fito. Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a birnin Bordo na Faransa sun nuna a 1998 cewa tartsatsin da ke kunna shi yakan fito ne daga bakin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu. Haɗarinsa babba shi ne jini ya kwanta a ɗakin da ke karkarwa ya daskare, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, kuma yana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Mutane nawa ne a unguwanninmu aka ce an yi musu jifa, alhali wannan karkarwar ce ba a gani ba?

An yi mata hoton zuciya da na'urar eko don a duba murafun zuciyar, saboda a ƙasarmu ciwon maƙogwaron yara da ba a yi wa magani da fenisilin ba yakan dawo bayan shekaru ya ƙuntata murfin hagu ya haifar da wannan rikicin. Nata lafiya lau suke. Likitan ya shimfiɗa mana zaɓi biyu na maganin tsinka jini ba tare da ya tura mu ga mai tsada ba: sababbin magunguna irin su rivaroksaban da afiksaban, waɗanda ba sa bukatar awon jini a kai a kai amma suna cin aljihu, ko tsohon magani mai hana bitamin K aiki, mai araha, wanda ke bukatar awon INR, wato awon tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, don a riƙe shi tsakanin 2 da 3. Mun ɗauki na biyu. Ya ƙara da cewa ga mai ƙuntataccen murfi tsohon maganin ne ya fi dacewa ko da yana da kuɗi, kamar yadda wani babban bincike da aka buga a 2022 ya nuna.

Akwai abu guda da na roƙa ya hana ni, kuma yanzu ina yaba masa. Holta ta nuna ƴan bugun da ke shigowa ba lokacinsu ba jefi-jefi, na ce a ba ta maganin da zai share su gaba ɗaya. Ya ce a'a, ya tuna mini da gwajin CAST na Amurka, wanda a 1989 aka dakatar da wani sashensa saboda magungunan da ke toshe ƙofar sodiyam, fulekainid da enkainid, sun share irin wannan bugun ga waɗanda suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, amma mutuwa ta ƙaru a cikin masu shan su. Maganin rikicin bugu ƙofofin nan yake taɓawa, don haka shi ma yana iya haifar da rikicin da ya fi wanda aka zo da shi.

Ya kuma yi tambayoyin da suka shafi zuriya: ko akwai wanda ya mutu farat ɗaya yana matashi, ko yaron da ya nitse alhali ya iya ruwa, ko mai farfaɗiyar da magani ba ya kamawa, ko wanda aka haifa kurma. Dalilinsa shi ne wasu ana haifarsu da ƙofa mai lahani. A 1995 da 1996 rukunin Mark Keating a jami'ar Yuta suka danganta dogon QT na gado da ƙwayoyin gadon hERG da SCN5A da KCNQ1, kuma lahani a SCN5A ɗin nan yana cikin abubuwan da ke haifar da ciwon da Pedro da Josep Brugada suka bayyana a 1992, mai kashe mutum cikin barci. Nau'in da ke haɗuwa da kurumta, wanda aka fara bayyanawa a Norwe a 1957, sai yaro ya gaji lahanin daga uwa da uba duka, abin da ya sa tambayar ke da nauyi a wurin da auren zumunci ya yawaita kamar namu. Kilinik ɗin ba ya awon ƙwayoyin gado, amma ECG na jika 7 ga ƴaƴa da ƴan'uwan wanda ake zargi yana gano da yawa daga masu lahanin.

Inda hidimar ta fi rauni a ganina shi ne wajen rigakafi, ba don ba a faɗi abin da ya dace ba, sai don an faɗe shi da baki cikin minti biyar ga tsohuwar da ta gaji, aka kuma ba mu ordinansi da Faransanci. An ce a rage gishiri, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da kilishi da yaji. An ce ta samu potasiyam daga wake da dabino da ayaba da dankali da tumatir, tunda ƙodarta lafiya take, domin mai ciwon ƙoda wannan shawarar ba tasa ba ce. An ce zogale da alayyahu da miyar kuka ba a hana ta ba, amma suna da bitamin K, don haka ta riƙa cin su daidai wa daida, kada ta cika kwaɗon zogale mako guda ta bar shi mako na gaba, in ba haka ba INR zai riƙa hawa da sauka. An ce duk ranar da zawo ko amai ya kama ta a ba ta ruwan gishiri da sukari na fakiti a kawo ta awon jini, kada a ba ta asfirin ko ibufurofen, kuma kafin azumi mai zuwa a dawo a tsara lokutan shan magani. Duk wannan ni na zauna na rubuta da Hausa a kwali, tare da sunayen magungunan da ke ja QT, na liƙa a bangon ɗakinta. Aiki ne na shafi ɗaya da kilinik ɗin zai iya bugawa ya raba wa kowa.

Ganin likita jika 5 ne, ECG jika 7, awon gishirin jini da ƙoda da maƙoƙo jika 22, Holta jika 30, eko jika 25, kwana biyu da ruwan da aka ɗaura jika 40. Kuɗi ne mai nauyi ga albashin malamin makaranta, balle ga manomin da ya taso daga Tibiri ko Madarunfa, kuma ba a manna farashin a bango ba, sai mutum ya je wajen biya yake ji. Wanda ƙarfinsa bai kai duka ba, ya fara da ECG da awon potasiyam, ya kuma tafi da ledar magungunansa, domin waɗannan ukun ne suka gano abin da ya kusa raba mu da Hajiya. Wanda kuwa ya suma, ko faɗuwar gabansa ta zo da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, kada ya jira ranar Holta, a kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa nan take.

Yanzu wata na huɗu ke nan muna komawa awon INR a ranar Litinin ta farkon kowane wata. Na ƙarshe ya nuna 2.4, potasiyam 4.1, tansiyo 13/8. Manjon yana tambayar ledar magani duk zuwa, Hajiya kuma ta daina jira a tuna mata, da kanta take ɗaure ta a bakin zane kafin mu fito.